Dashen Haƙori: Matsalar Tana Wurin Mahaɗa

A haɗarin babur, sau da yawa haƙoran gaba ne ke fara tafiya. Shi ya sa na ga ya dace mu san wani abu game da dashen haƙori, tun kafin a ce wani namu zai sayar da gona ya je Kano ko Sakkwato a yi masa.

Dashe daban ne da haƙorin Makka. Likita kan ɗaure ƙusa mai zare ta ƙarfen taitaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ya manne mata. Wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi wa mutum wannan aiki a 1965. A kan ƙusar ake ɗora ɗan gungume da ke riƙe haƙorin da ake gani. To, inda gungumen ya haɗu da ƙusa, nan magana take.

Komai gwanintar maƙeri, sai an bar ɗan gibi, kuma yawancin bakteriyar baki ba su wuce maikiromita ɗaya zuwa biyu a kauri ba. Idan ana tauna, mahaɗar na ɗan motsi kamar famfo: ta zuƙi yawu da ƙwayoyin cuta, ta sake feso su kan dasashi. Dasashi ya kumbura, ƙashin da ke kusa ya fara janyewa. Tun 1986 masana suka sa ƙa'ida: bayan shekarar farko, kada ƙashin ya ragu fiye da milimita 0.2 a shekara.

Tsohon tsari yana da kai mai kusurwa shida da ya fito sama kamar noti, kuma shi ya fi girgiɗi. Daga baya aka mayar da kusurwoyin ciki, motsi ya ragu. Na uku shi ne mai tsini, wanda ke nutsewa ya matse kamar toshiyar kwalba. 'Yan makanikal na Abdu Gusau, kun san shi: salon Morse ne, irin wanda ke riƙe bakin injin huda ƙarfe a wokshof. Shi ya fi rage yoyo, amma fa ko shi bai toshe gaba ɗaya ba.

Akwai kuma dabarar sa gungumen da ya fi ƙusar siranta, don gibin ya matsa ciki, ya yi nesa da ƙashi.

Saboda haka idan ka raka Baba ko Inna wajen likitan haƙori, kar ka tsaya ga tambayar kuɗi kawai. Tambayi wace irin mahaɗa za a sa, da yaushe za a riƙa dawowa ɗaukar hoton ƙashi. Sannan a sani, taba sigari da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna lalata dashe komai kyan ƙirarsa. Buroshi da asawaki kuwa, ba ranar hutu.