Sanin Wurin Bugu Shi Ne Ƙira

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini hukumar da kake wa aiki ta miƙa maka takardar sallama. Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ta ce kana ta rantsuwa sai an gamu a kotu. Ban hana ka neman haƙƙinka ba, amma zauna tukuna in tambaye ka: wace kotun?

A zamaninmu, ma'aikacin hukumar jiha Babbar Kotun Jiha yake nufa. Yanzu an canza. Tun gyara na uku da aka yi wa tsarin mulkin 1999, wanda ya fara aiki a 2011, sashe na 254C ya damƙa rigimar kora, albashi da fansho a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai, ko hukumar ta jiha ce ko ta tarayya. Tana zama a Kano da Kaduna, ba sai ka je Abuja ba.

Wani mai kula da sito da muka yi aiki tare bai san da wannan ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya biya lauya, ya yi ta zarya da takardunsa a cikin leda. Ranar ƙarshe alƙali bai ko taɓa maganar korar ba. Ya ce ba shi da hurumi, ya rufe fayil.

Kafin ka ga lauya, lalubo takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da littafin ƙa'idojin aiki. Su za su nuna matsayinka. Idan doka ce ta tsara yadda za a ɗauke ka da yadda za a sallame ka, aka kuma tsallake ta, kotu na iya mayar da kai kujerarka. Idan yarjejeniya ce kawai tsakaninka da su, yawanci diyya ake ba mutum.

Ka sa lauyan ya duba dokar da ta kafa hukumar. Hukumomi da yawa sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su a kotu. Kada kuma ka yi sanya, don lauyoyin gwamnati kan fake da dokar wa'adin wata uku na shigar da ƙara.

Kotun tana da sashen sulhu. In an yi maka tayi, ka saurara. 'Ya'yanka ba za su ci shari'a da daddare ba.

Gobe bayan La'asar ka zo da takardun mu duba tare. Allah Ya yi maka albarka.