ƊAUKAKA ƘARA A SHARI'AR HAKKI: WA'ADI DA ROƘON ƘARIN LOKACI

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu, gama su ne talakawa su kan fara kai wa kuka idan shari'ar gona, ko ta gado, ko ta bashi ta kāshe su. Tun shekarar 1968, da aka karɓe kotunan En'e aka mai da su hannun gwamnatocin jihohi, hakimi ba shi da ikon taɓa hukuncin alƙali. Amma shawarar da zai bayar a ranar farko tana iya tsirar da hakkin mutum, jinkirinsa kuwa yana iya tozartar da shi.

Matakan kotuna

Wanda bai yarda da hukuncin kotun yanki ko kotun Shari'a ba, yana da hanyar zuwa gaba. Idan maganar aure ce, ko riƙon maraya, ko gado, ko wasiyya, ko kyauta, ko waƙafi, hanyarta ta bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda aka fara kafawa a Arewa a 1960. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 shi ya zana iyakar ikonta. Sauran shari'o'in hakki Babbar Kotun jiha su kan nufa. Daga waɗannan biyu sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976, daga ita sai Kotun Ƙoli. Tun 1963, da aka daina kai ƙara Ingila, ba wata kotu bisa Kotun Ƙoli.

Ya kamata a sani, ɗaukaka ƙara ba sake shari'a daga tushe ba ne. Kotun sama takardun shari'ar da aka yi za ta duba, ta ga ko alƙali ya kuskure wa doka, ko ya auna shaida ba daidai ba. Saboda haka lalle mai ƙara ya faɗi inda kuskuren ya ke. Cewa "an zalunce ni" kaɗai ba ta isa ba.

Wa'adi

Kowane mataki yana da wa'adinsa. A ƙananan kotuna dokar kowace jiha ita ke yankewa, galibi kwana 30 ne. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, doka ta ba da wata 3 idan hukuncin ƙarshe ne, watau wanda ya raba gardama duka. Idan kuwa umarni ne da aka bayar shari'a tana cikin tafiya, kwana 14 ne kurum. Haka kuma wa'adin ya ke a shari'ar hakki daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli.

Ba a lissafa ranar da aka yanke hukuncin. Misali, in an yanke ran 10 ga Maris, wata 3 ya cika ran 10 ga Yuni, kwana 14 kuwa ran 24 ga Maris. In ranar ƙarshe ta faɗo Lahadi ko ranar hutun gwamnati, sai a ƙara zuwa ranar aiki ta gaba. Takardar ɗaukaka ƙara a ofishin magatakardan kotun da ta yi hukunci a ke ajiye ta, a biya kuɗi, a karɓi rasit mai kwanan wata. Wannan rasit a adana shi ƙwarai, domin shi ne shaidar an zo cikin lokaci.

A nan ne mutane da yawa su kan yi hasara. Mutum ya faɗi a shari'a, sai ya tafi wurin dagaci, daga nan wurin hakimi, a sa ranar sulhu, a ɗaga saboda damina ko rasuwa. Sulhu alheri ne, amma kwanakin wa'adi ba su tsayawa dominsa. Ran da sulhu ya watse, sai a tarar ƙofar kotu ta rufe.

Roƙon ƙarin lokaci

Wanda wa'adi ya wuce shi, ƙararsa ba ta da rai sai kotun da za a ɗaukaka ƙarar gare ta ta ƙara masa lokaci. Babbar Kotun da ta yi hukunci ba ta da ikon ƙara wa'adin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ƙarin nan kuwa ba hakki ba ne, alfarma ce da kotu ke yi bayan ta auna, kuma sai an cika sharaɗi biyu tare.

Na fari, takardar rantsuwa mai bayyana ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri. A faɗi abin da ya faru, da ranakunsa, da shaida. Wanda ciwo ya kwantar ya haɗa da takardar likita. Kotuna sun sha nuna ba su son ɗora wa mai ƙara laifin kuskuren lauyansa, amma wanda ya ba lauya aiki ya koma gida ya yi barci ba zai fake da wannan ba. A 1982, cikin shari'ar Williams da ƙungiyar Hope Rising, Kotun Ƙoli ta ƙarfafa cewa ba a ƙara lokaci sai mai roƙo ya kawo abin da kotu za ta dogara da shi.

Na biyu, dalilan ɗaukaka ƙarar su nuna a zahiri akwai magana mai nauyi da ta cancanci a saurara. Ba a bukatar ya tabbatar zai ci nasara. Amma in dalilin jinkiri ya yi kyau, dalilan ƙara kuwa ba su da tushe, roƙon ya faɗi. Haka kuma in an juya.

Akwai ƙarar da ba a ɗaukaka ta sai da izinin kotu. Wanda ya makara a irin wannan, abu uku zai roƙa a takarda guda: ƙarin lokacin neman izini, da izinin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukaka ƙara. In ya bar ɗaya, a kan kori roƙon.

A kuma lura, ɗaukaka ƙara ba ta hana zartar da hukunci. Mai tsoron a karɓe gonarsa ko a sayar da kayansa kafin a saurare shi, sai ya nemi umarnin dakatarwa dabam.

Aikin hakimi da malaminsa

Idan talaka ya kawo kukan shari'a, tambayar fari ita ce: wace rana aka yanke hukunci, a wace kotu? Malami ya rubuta ranar, ya lissafa ranar ƙarshe, ya faɗa masa. A tura shi wurin magatakarda nan da nan ya nemi kofin hukunci. In ba shi da halin ɗaukar lauya, a nuna masa ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976. In ana son sulhu, a bari ya ajiye takardarsa tukuna, sa'an nan a zauna. In an daidaita, janye ƙara ba wuya. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.