Littafin Gudu Na da Amfani, Amma a Auna Shi da Yanayinmu

A matsayina na ma'aikacin lafiya a Birnin Gwari, ina yawan karɓar samari da magidanta masu ciwon gwiwa, jiri ko kumburin idon sawu. Da na tambaya sai in ji tsarin gudu suka gani a mujalla ko a littafin da suka sauke a waya, suka bi shi ido rufe.

Karatun abu ne mai kyau. Mujallar Runner's World ta Amurka ta samo asali tun 1966, littafin Jim Fixx na 1977, The Complete Book of Running, kuwa an sayar da kwafinsa fiye da miliyan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi kamar gudu. Sai dai marubutan nan ba su yi rubutu don zafin Afrilu, ƙurar hunturu, azumi ko halin da dajinmu ke ciki ba.

Kafin ka fara, je a auna maka hawan jini da sukari, musamman idan ka haura arba'in. Shi kansa Fixx a 1984 ya yanke jiki ya faɗi ya mutu yana gudu, yana da shekara 52, jijiyoyin zuciyarsa sun toshe. Mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ajalinsa.

Fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu. Fita bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Da azumi kuma ka bari sai bayan buɗa-baki. Silifa ba takalmin gudu ba ce. Kambas na gwanjo mai laushin tafi ya wadatar. Idan littafi ya yaba gudun cikin daji, kada ka nufi hanyar Kamuku ko Kuyambana kai kaɗai. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2024 ya kawo sauƙi, amma filin makaranta tare da abokai ya fi kwanciyar hankali. Ka ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi na sarƙewa, tsaya nan take, ka nufi asibiti.

Ina roƙon malaman motsa jiki da abokan aikina mu haɗa kai mu rubuta ɗan littafin gudu da Hausa, wanda ya san lokutanmu da hanyoyinmu, a raba shi a makarantu da majalisun matasa.