Kafin a sayo tukwanen furanni, a duba taga

A aikinmu na zanen gine-gine, tambayar farko da mai ofis yake yi ita ce tebur nawa ɗaki zai ci. Ba kasafai yake tambayar abin da ma'aikaci zai gani in ya ɗaga kai daga kwamfuta ba, alhali gajiya da ƙwazo suna da alaƙa da wannan. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya bi bayanan majinyatan da aka yi wa tiyata a wani asibitin Amurka, ya tarar waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi an fi saurin sallamar su, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar masu kallon bangon bulo ba. Za a ce ai ofis ba asibiti ba ne. To, a 2014 masu bincike daga jami'o'in Cardiff da Exeter da wasu abokansu sun sa shuke-shuke a ofisoshin da babu ko ganye a Birtaniya da Holan, aiki ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari. A shekarar kuma wani bincike a Amurka ya nuna masu aiki kusa da taga suna samun ƙarin barcin kusan minti 46 kowane dare.

Sai dai a yi hattara da zuƙi ta mallen 'yan kasuwa cewa tukunya biyu za ta tace iskar ɗaki. Gwajin NASA na 1989 da suke kafa hujja da shi a rufaffun akwatuna aka yi shi. A ofis na gaske, buɗe taga ya fi. Shi ya sa nake ganin maganar ta zanen gini ce tun daga tushe, kwalliya daga baya take zuwa.

Ƙorafi mai nauyi shi ne zafi: babbar taga a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu azaba ce. Haka ne, in ta fuskanci yamma. A juya ta arewa ko kudu, a yi mata rumfa, a dasa darbejiya a ɓangaren da rana ke faɗuwa, sai a sami haske da inuwa tare, janareta ma ya huta. Ƙorafin sauro a kan tukwanen furanni kuwa, ruwan da ke kwanciya a faifan tukunya sauron yake bi, aikin mai ban ruwa ne ya zubar da shi duk mako.