Darasin Wannan Wata: Kulocin Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, kaka ta gabato. A ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Kunci, motar ƙungiya ba ta hutawa. Da bazara ta ɗauko taki daga birni, da kaka ta kai gero da dawa da gyaɗa kasuwar Dawanau, da dare kuma ta kai maras lafiya asibiti. Yawancin ƙungiyoyinmu akori-kura suke da ita, irin Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta soma aiki a 1975. Abin da ya fi saurin mutuwa a motar da take irin wannan aiki shi ne kuloci. Saboda haka ake yawan tambayarmu, ko ya kamata a sa mata kuloci mai ƙarfi, a kuma rage nauyin filawil.

Yadda kuloci yake aiki

A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, makanikai suna ce da shi filawil. Yana juyawa tare da inji. Farantin kuloci yana manne da shi, an lulluɓe fuskokinsa biyu da abu irin na takalmin birki. Akwai kuma murfi mai sifirin wanda yake danne farantin a jikin filawil. In direba ya taka kuloci, boris ya tura sifirin, faranti ya saki, sai a sa giya. In ya ɗaga ƙafa, faranti ya kama, ƙarfin inji ya wuce giyabos har ya kai ƙafafun baya.

Duk lokacin da faranti yake tsakanin kamawa da saki, gogawa yake yi, yana zafi, yana cinyewa. Abubuwa uku ne suke kashe shi a wajenmu: lodi fiye da kima, da ɗora ƙafa a kan kuloci ana cikin tafiya, da yi wa mota dole in ta kafe cikin rairayi.

Alamun lalacewa

1. An taka totur, inji yana kuka, amma gudu bai ƙaru ba.
2. Ana jin ƙauri bayan an hau tudu da kaya.
3. Mota tana karkarwa wajen tashi.
4. Giya tana gardamar shiga. A nan a fara duba mai, gama kulocin 504 da man birki yake aiki, wani lokaci yoyo ne kaɗai.

Ga gwaji mai sauƙi. A fili inda ba yara, a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu a hankali. In inji ya mutu, faranti yana da sauran rai. In ya ci gaba da aiki, faranti ya ƙare.

Batun ƙarin ƙarfi

Masu tseren motoci a Turai da Amurka sukan sa filawil maras nauyi, domin inji ya yi saurin ɗaukar wuta. Mu wannan ba namu ba ne. Nauyin filawil shi ne yake ajiye ƙarfin juyawa, kamar dutsen injin niƙa da ba ya tsayawa nan take. Shi yake taimakon mota ta tashi da buhuna a bayanta. In an rage shi, inji zai riƙa mutuwa wajen tashi, direba kuwa zai ƙara totur, faranti ya ƙone da wuri.

Haka kuma faranti irin na tsere. Kamawa yake yi farat ɗaya, ba lallashi. Wannan fizga giyabos da aksil ne suke shanta, gyaransu kuwa ya fi na kuloci tsada nesa. Murfi mai sifirin da ya cika tauri yana gajiyar da ƙafar direba, yana kuma cinye boris. Abin da muke shawarta shi ne kuloci na ainihi, wanda aka yi domin akori-kura. Kada a karɓi na ƙaramar mota don an ga ya shiga. Kuloci mai ƙarfi ba ya ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya. An yi ta ne domin wajen tan ɗaya, wato kamar buhu 10 masu kilo 100. Sawu biyu ya fi kwana a hanya.

In za a yi gyara

Wahalar aikin ita ce sauke giyabos, don haka a yi kome a lokaci guda. A canja faranti da murfi da boris tare. A duba fuskar filawil: in ta yi zane ko tabon ƙuna, a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su daidaita ta; in ta tsage, a sake wata. A duba haƙoran gefenta inda sitata take kamawa. In bakin mai yana yoyo ta bayan inji, a canja robar, in ba haka ba mai zai jiƙa sabon faranti. Kada a hure ƙurar kuloci da baki, gama tsofaffin faranti suna da asbesto mai cutar huhu. A share da jiƙaƙƙen tsumma. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai.

Wajen saye, mutum biyu su tafi Ƙofar Ruwa tare da makaniki, su riƙe tsohon faranti don gwadawa, su karɓo rasit. Araha ba ta ado. Bayan gyara, a lallaɓa motar wajen kilomita 500 kafin a yi mata cikakken lodi.

Motar nan amana ce, da kuɗin gwauraye da na matasa aka saye ta. A taronku na gaba ku karanta misalin talanti a Matiyu sura 25, sa'an nan ku tattauna waɗannan:

1. Wa yake ƙidaya buhuna kafin mota ta tashi?
2. Nawa muke warewa daga kowane sawu domin gyara?
3. Za mu yi gwajin kuloci kafin kaka, ko sai mota ta tsaya?

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku.