Yadda Ake Neman Maƙerin da Zai Gyara Bututun Bindigar Farauta

Ƙotar bindiga idan ta tsage, kafinta ma zai iya sassaƙa maka wata. Kunama idan ta saki, a ɗaure ta. Bututu kuwa shi ke riƙe da ƙarfin albarushi a daidai lokacin da kuncinka ke manne da bindigar, hannunka na hagu yana tallafe da ƙarfen. Idan ya fashe, yatsu da ido ne ke tafiya. Saboda haka maharbin da ke zaune a Gesse ko wata unguwa ta Birnin Kebbi, ko a ƙauyukan fadamar Argungu, bai kamata ya miƙa wannan aiki ga duk wanda ya gani da zuga-zugi ba. Ga yadda ake bin abin.

Da farko ka san ajin bindigarka a wurin hukuma. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa su kashi 3. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula, irin bindigogin soja da ƙaramar bindiga ta aljihu. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da doguwar bindigar farauta mai harsashi, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, wato su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Idan ba ka da lasisi, ko naka ya ƙare, ka fara da hedikwatar 'yan sanda ta Birnin Kebbi kafin ka je maƙera. Ka je da takardunka kawai, ka bar bindigar a gida.

Na biyu, ka san cewa shi ma mai gyaran sai da izini. Dokar nan ta hana kowa ƙera bindiga ko gyara ta haka kawai. Mai gyaran ta gargajiya da mai gyaran ta bature duk suna bukatar takardar izini daga 'yan sanda. Tun kana hedikwatar, ka nemi jami'in da ke kula da lasisin bindigogi ya nuna maka wanda aka amince da shi. A halin tsaron da jiharmu ke ciki, maƙerin da ke aiki a ɓoye ba maharba kaɗai ke zuwa wurinsa ba, kuma ranar da aka kama shi za a tambayi masu bindigogin da aka samu a rumfarsa ɗaya bayan ɗaya.

Takarda dai ba ta nuna gwaninta. Wannan sai ka koma wurin 'yan sana'a. Ka gai da Sarkin Baka na yankinku, ka ce: "Baba, bindigata ce ke son gyara, wa kuke kai wa taku?" Ka yi wa Sarkin Maƙera irin wannan tambaya. Sunan da ya fito daga bakin su biyun, shi za ka fara nema. Ka kuma roƙi tsofaffin maharba su nuna maka bindigar da mutumin ya gyara wadda ta yi shekaru ana harbi da ita. Sabon aiki kowa nasa yana sheƙi.

Idan ka isa wurinsa, kada ka yi saurin faɗin abin da kake so. Miƙa masa bindigar, bayan ka tabbatar babu komai a cikinta, ka zuba ido. Gwani zai fara tabbatar da hakan da kansa, ko da ka rantse masa. Sannan zai haska cikin bututun ya duba ramukan da tsatsa ta ci, ya bi bayansa da yatsa yana neman kumburi ko lotsawa, ya dubi gindin inda wuta ke tashi, domin nan ne ƙarfi ya fi taruwa. Idan mai baki biyu ce, zai cire bututun ya rataye ya ɗan ƙwanƙwasa: lafiyayye yana ƙara garau, wanda haɗinsa ya saki kuwa sai ka ji muryarsa a dushe. Wanda ya karɓa ya jingine a bango ya ce ka dawo jibi, karɓi abarka ka yi gaba.

Akwai amsoshi 3 da idan ka ji ɗaya daga cikinsu zance ya ƙare. Idan ya ce zai toshe tsagar bututu da walda: zafin walda yana sauya ƙarfin ƙarfe a gefen ɗinkin, wurin ya fi da rauni ko da ido bai gani ba. Idan ya ce zai sauya maka da bututun famfo ko wani ƙarfen da aka tsinto a kasuwar 'yan gwangwan: waɗannan ba a yi su don ɗaukar fashewar albarushi ba, kuma bututun famfo yana da ɗinki a tsawonsa. Idan kuma ya yarda ya datse maka bututu don bindigar ta yi daɗin ɓoyewa a riga: doka ta hana gajarta bututun da cikinsa ke sumul ya gaza inci 20. Araha ba ta ado, balle a abin da ke kusa da fuska.

Maƙerin da na fi girmamawa shi ne wanda zai iya kallonka ya ce: "Malam, wannan ta gama aiki, ka rataye ta." Na san maganar tana da ciwo, musamman idan bindigar gadon uba ce ko ta kaka. Amma mutumin da ya bar kuɗin aiki ya wuce don kada ka rasa hannu, shi ne za ka riƙe har ka kai masa 'ya'yanka.

Ga mai doguwar bindigar bature, wadda cikin bututunta ke da zane a murɗe don harsashi ya tafi yana juyawa, gaskiya ita ce sauya mata bututu ba aikin uwar maƙera da masaba ba ne. Aikin inji ne mai awo na ƙwarai. A Ingila ma, bindigar da aka yi wa babban aiki a bututu ba a sayar da ita sai ta koma gidan gwaji, na Landan ko na Bamingam wanda aka kafa a 1813, an harba ta da abin da ya fi kima, an buga mata hatimi. Ƙananan tamburan da kake gani a ƙarƙashin bututun tsofaffin bindigogin Ingila, shaidar wannan gwaji ce. Irin wannan bindiga ka bi ta hannun 'yan sanda su nuna maka mai izinin taɓa ta. Ka kuma tuna manyan namun da aka yi ta dominsu, su giwa da dorina, doka ta kare su, gandun dajin Kainji kuma ba a farauta a cikinsa.

Kafin ka bar bindigar, ku yi ciniki a gaban shaida, a rubuta aikin da za a yi, da lambar bindigar idan tana da ita, da ranar karɓa. Ka kai aikin da damina, lokacin da daji ya rufe, don kada gaggawar fita farautar rani ta sa ka matsa masa. A hanya, ko zuwa Argungu ne ko cikin gari, ka naɗe ta babu ɗuri, lasisi yana aljihunka.

Ranar karɓa, shi zai fara gwada ta, a fili nesa da mutane da dabbobi, sannan ku sake duba bututun tare. Daga nan sauran kiyayewa naka ne. Kada ka taɓa zuba wa adaka garin da aka farke daga harsashin zamani, domin ƙarfinsa ya wuce abin da za ta ɗauka. Tokar albarushi kuma tana jan laima, fadamar Rima ga raɓa, saboda haka duk ranar da ka yi harbi ka wanke bututun da ruwan zafi, ka busar da shi sarai, ka shafa mai kafin ka kwanta.