Yadda Ake Lissafin Ƙarfin Bututun Rijiya Kafin Ya Lotse

A tuddan Adar, daga Keita zuwa Buza, ruwan da ba ya ƙafewa yana can ƙasa, sau da yawa sai an haƙa ɗaruruwan mita. Aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta tallafa wa tun 1984, ya samar da madatsun ruwa da rijiyoyi, amma garuruwa da dama burtsatse ce madogararsu. Idan bututun ƙarfen da aka zura ya lotse a can ƙasa, kamar gwangwanin da aka taka, gyara sai da kyar.

Ana farawa da matsin da ke waje. Kowane mita 10 na ruwa yana ba da matsi na kusan bar 1. Kwaɓaɓɓen simintin da ake ɗurawa a bayan bututu ya fi ruwa nauyi kusan sau 1.8. Ke nan a zurfin mita 300, siminti na matsowa da bar 54, ruwan ciki na tokarewa da 30. Bambancin, bar 24, shi bututun zai ɗauka. Ranar ɗura siminti da ranar wanke rijiya da iska, lokacin da ruwan ciki ke sauka, su ne ranakun haɗari.

Sai a auna bututun kansa, kada a dogara da takardar dillali. A raba faɗinsa na waje da kaurin bangonsa. Bututu mai faɗin milimita 240 da kauri 6 zai ba da 40. A ninka 40 da kansa sau uku, a samu 64,000. Ga ƙarfe irin na bututu akwai adadi tsayayye da ke fitowa daga taurinsa, kusan bar 4,400,000. A raba shi da 64,000, amsa ta zama bar 69, wato matsin da zai lotsa bututun.

Wannan amsar ta bututu ce mai cikakken zagaye, kuma bayan jigila a bayan tirela har zuwa jihar Tawa, da wuya a samu irinsa. Lissafin injiniya Stephen Timoshenko ya nuna cewa karkacewar kashi 1 cikin 100 kan rage ƙarfin irin wannan bututu da kusan rabi. Bar 69 ta koma 35. Har yanzu ta ɗara 24, ko da yake ni na fi son a bar rata mai faɗi saboda tsatsa da yumɓu mai kumbura.

Abin da ke damuna shi ne tsumulmular milimita ɗaya. Idan ɗan kwangila ya kawo mai kauri 5, rabon ya zama 48, ƙarfin ya faɗo bar 40, da karkacewa kuma ya koma wajen 23. Siminti kuwa yana nan da bar 24 ɗinsa.